Fashin baƙi: abin da ekspo da sauran lanƙwasar rimot ke yi wa ƙaramin jirgi

Duk wanda ya fara tuƙa ƙaramin jirgin sama da rimot, ƙorafinsa na farko ɗaya ne da na kowa: jirgin ya cika rawar kai. Ya ɗan taɓa sanda, jirgi ya karkata. Ya zo gyarawa, ya wuce gona da iri, jirgi ya karkata ɗaya gefen. Kafin ya ankara ana tsintar fiffike nan, farfela can. Shawarar da ya fi samu ita ce ya shiga cikin rimot ya ƙara ekspo, wato saitin da ke canja yadda jirgi ke amsa motsin sandar rimot. Ba za a ce shawarar banza ba ce, amma a ganina babu wadda aka fi bayarwa da ka irinta a duk harkar nan, domin akasarin masu ba da ita sun ɗauka rage wa jirgi kaifi ekspo yake yi. Ekspo kwashe kaifin yake yi daga tsakiyar sanda ya tara shi a ƙarshenta, kuma wanda bai san haka ba zai ci karo da abin da aka tara masa daidai lokacin da ya fi buƙatar sauƙi.

Kafin a kai ga nan, sai an bi saƙon tun daga yatsa. A ƙarƙashin kowace sandar rimot akwai ma'auni mai karanta inda sandar take, ko dai irin na murɗa ƙarar rediyo, ko kuma na maganaɗisu a rimot na zamani. Rimot yana mayar da wannan matsayi lamba, daga −100 a wani ƙarshe zuwa +100 a ɗaya ƙarshen, da sifili a tsakiya. Lambar ce ake aikawa ta iska, yawanci a kan mita 2.4 GHz, zuwa risibar da ke cikin jirgi. Risiba kuma sai ta bai wa sarbo umarni. Sarbo ƙaramin akwati ne mai mota da giya a ciki da ɗan hannu a waje, kuma tsawon bugun lantarkin da ya samu ne ke gaya masa inda zai tsayar da hannun. Bugu mai tsawon maikirosakan 1000 yana kai shi ƙarshe ɗaya, 2000 ɗaya ƙarshen, 1500 tsakiya, ko 1520 a wajen kamfanin rimot na Futaba. A sarbo na gargajiya ana maimaita bugun kusan sau 50 a daƙiƙa. Hannun sarbo yana tura siririn ƙarfe, ƙarfen yana tura ƙahon da aka dasa a jikin leɓen fiffike ko na wutsiya, leɓe ya lanƙwashe, iska ta buge shi, jirgi ya juya. Leɓɓan fiffike su ke mirgina jirgi, leɓen wutsiya na kwance shi ke ɗaga hanci ko sauke shi, na tsaye kuma shi ke karkatar da hancin hagu ko dama.

Samun wannan tsari ma kansa an sha wuya. Tagwayen nan na Amurka, Walter da William Good, waɗanda jirginsu Guff na ƙarshen shekarun 1930 yake ajiye a gidan tarihin Smithsonian, ba su da sandar da jirgi ke bi daki-daki. Shekaru da dama bayansu ana amfani da wata na'ura mai aiki da murɗaɗɗiyar roba: ka danna maɓalli, leɓen wutsiya ya tafi har ƙarshe, ka saki ya dawo tsakiya, babu wani abu a tsakani. Sai a shekarun 1960 rimot mai bin yatsa ya bazu, irin wanda Phil Kraft ya ƙera kuma ya ci gasar duniya ta wasan jirage da shi a tsibirin Kosika a 1967. Babban abin alfahari a lokacin shi ne miƙaƙƙen layi: rabin sanda ya ba da rabin juyi, kwata ya ba da kwata. Da aka samu miƙaƙƙen layin ne kuma aka gano cewa ba koyaushe ne ya dace da hannun ɗan adam ba. Matuƙi yana cinye mafi yawan tafiyarsa a kusa da tsakiyar sanda, yana 'yan gyare-gyaren da ba su wuce milimita biyu ko uku ba, amma yana so idan ya buƙaci cikakken juyi ya same shi. Daga nan aka fara lanƙwasa layin, da farko da 'yan ƙananan kusoshi da ake murɗawa a jikin rimot, daga baya da lambobi a allo.

Abubuwa uku ne a allon da masu koyo ke cakuɗawa. Na farko iyakar sarbo, wadda za ka gani an rubuta End Point ko Travel, a manhajar rimot ta EdgeTX kuma tana shafin Outputs. Aikinta kare kaya ne: ta hana sarbo tura leɓe fiye da inda hinjinsa zai iya zuwa, don kada ya tsaya yana gurnani yana shan batir har giyarsa ta karye. Sau ɗaya ake saita ta a ƙasa, ba kuma da ita ake neman daɗin tuƙi ba. Na biyu ret, wanda allo ke kira Rate ko D/R, EdgeTX kuma Weight. Shi yana rage dukkan layin ne bai ɗaya. Ret 70 na nufin ko ina ka kai sanda, kashi 70 cikin 100 na abin da ka nema ne zai fita, har da ƙarshe. Layin yana nan a miƙe, kwantar da shi kawai aka yi. Na uku ekspo, wanda ba ya taɓa ƙarshen layi ko kaɗan, tsakiyarsa kawai yake lanƙwasawa.

A nan ya kamata a tsaya a yi lissafi, don lissafin ba shi da wuya kuma shi ke warware yawancin gardamar. Manhajar OpenTX, wadda ta yi suna da rimot ɗin FrSky Taranis tun 2013, da EdgeTX da ta ɓalle daga cikinta a 2021, a buɗe suke ga kowa, don haka an san ainihin abin da suke yi. Ka ɗauki matsayin sanda a matsayin x, daga 0 a tsakiya zuwa 1 a ƙarshe, ekspo kuma k, ta yadda ekspo 30 zai zama 0.3. Abin da ke fita shi ne k × x × x × x, a haɗa da (1 − k) × x. Da ekspo 30, in ka tura sanda kwata, abin da sarbo zai samu kashi 18 ne maimakon 25. In ka kai rabi, kashi 39 maimakon 50. In ka kai kashi uku cikin huɗu, 65 maimakon 75. A ƙarshe kuwa 100 cif. To duba ratar. Kwatan farko na sanda ya ba da 18, amma kwatan ƙarshe ya ba da 35, kusan ninki biyu. Da ekspo 60 abin ya fi tsanani: rabin sanda bai kai kashi 28 ba, kashi uku cikin huɗu yana ba da 55, sauran 45 duka an cusa su cikin kwatan ƙarshe.

Bashi ne ke nan. Sauƙin da ka ci a tsakiya ranto shi ka yi daga ƙarshe, kuma ba a yafe shi. Akwai ma wani abu a lissafin da ba kasafai ake ambata ba. Ko nawa ne ekspon da ka sa, da zarar sanda ta wuce kusan kashi 58 cikin 100 na tafiyarta, kowace milimita da ka ƙara tana motsa leɓe fiye da yadda za ta motsa shi in babu ekspo sam. Ƙasa da wannan wuri kana cin bashin, sama da shi kana biya. A bakin ƙarshe, ekspo 30 yana sa sanda ta fi kaifi sau 1.6, ekspo 60 kuma sau 2.2.

Yanzu a tambayi kai: wa ke yawan kai sanda wannan yanki? Ƙwararre yana zuwa can da gangan. Mai koyo kuwa tsoro ne ke kai shi. Jirgi ya karkata, ya ɗan taɓa sanda, bai ga komai ba saboda ekspo ya kashe tsakiya, ya ƙara, har yanzu shiru, sai ya fizge ta gaba ɗaya, jirgi ya mirgine. An ba shi ekspo don ya daina wuce gona da iri, ekspon kuma ya koya masa fizga. Wuri na biyu shi ne sauka. Lokacin da jirgi ya rage gudu yana dab da taɓa ƙasa, ana jan sandar wutsiya a hankali ana ƙarawa, har ta kai rabi ko ta wuce. Mai ekspo da yawa zai ga jirgi yana nitsewa bai amsa ba, ya ƙara ja kaɗan, ya faɗa yankin kaifi, hanci ya ɗaga sama, gudu ya ƙare, jirgi ya faɗo da ciki ko da fiffike. Sau da yawa iska ake ɗora wa laifi.

Kwatanta wannan da ret. Ret 70 ba tare da ekspo ba, da ret 100 da ekspo 30, a kusa da tsakiya hannu ba zai iya bambance su ba, domin dukkansu suna ba da 0.7 na abin da sanda ta nema. Bambancin yana ƙarshe: na farko ya tsaya a 70 kuma kaifinsa bai canja ba tun daga tsakiya, na biyu ya haura har 100 yana ƙara kaifi. Ga wanda ke koyo da jirgi mai fiffike a sama, wanda ba ya neman ya yi alkafura, na farkon ya fi masa alheri nesa ba kusa ba. Abin da ba ka buƙata, a cire shi ya fi a ɓoye maka shi a ƙarshen sanda.

Lissafin nan yana da wani amfani da ya fi wannan. Kaifin tsakiya shi ne ret a ninka da (1 − k). Wanda ya ɗora ret biyu a kan makunni, ƙarami na tashi da sauka da babba na wasa, zai so hannunsa ya ji abu ɗaya a tsakiya ko wanne ya kunna, don kada sauyawa ta zo masa da mamaki. In ƙaramin ret 60 ne da ekspo 20, kaifin tsakiya 0.48 ne. Don babban ret 100 ya yi daidai da shi, ekspo 52 yake buƙata. Wannan ne ma dalilin da ya sa masu jiragen da ke tsayawa a kan wutsiya suna rataye da farfela suke sa ekspo 60 ko 70 ba tare da ya cuce su ba. Leɓɓansu suna juyawa har digiri 45, alhali tafiyar yau da kullum digiri 15 ta ishe su. In digiri 15 da ekspo 20 ne ya yi wa mutum daɗi, to a digiri 45 sai ya kai ekspo wajen 73 kafin tsakiyar ta yi masa irin wannan laushi. Babban ekspo abokin babban juyi ne. Wanda ya kwafi lambar 70 daga bidiyon irin waɗannan matuƙa ya ɗora wa jirgin da juyinsa bai wuce digiri 12 ba, ya kashe wa kansa sanda ne kawai. Sai dai a lura, lambobin nan na EdgeTX ne da OpenTX. Kowane kamfani da irin lissafinsa, kuma 30 a wani rimot ba lallai ya zama 30 a wani ba, ko da yake siffar lanƙwasar iri ɗaya ce.

Alamar lambar ma ba ɗaya ba ce, kuma wannan ya karya jirage da yawa. A rimot ɗin Spektrum da JR da masu EdgeTX, ekspo mai alamar ƙari ne ke tausasa tsakiya. A Futaba da Hitec mai alamar ragi ne. Wanda ya karanta +30 a takardar jirgi ya shigar da ita haka a Futaba, ya ƙara wa tsakiya kaifi ne maimakon ya rage. Maganin wannan bai wuce daƙiƙa goma ba: a dubi zanen da ke allo, layin ya kwanta a tsakiya ya miƙe tsaye a ƙarshe. In rimot ɗin ba ya nuna zane, a riƙe sanda a rabi ana ƙara lambar ana kallon leɓe. In leɓen yana komawa wajen tsakiya, alamar daidai take.

Duk wannan magana ce ta cikin rimot, alhali mafi yawan jiragen da ake kuka da rawar kansu, ciwonsu a jikinsu yake. Abu na farko da za a duba shi ne inda nauyin jirgi ya daidaita. A jirgi mai miƙaƙƙen fiffike, wurin yakan kasance tsakanin kwata da sulusin faɗin fiffike daga gabansa, kuma takardar jirgin tana faɗin ainihin milimitar. In nauyi ya koma baya, jirgi yana zama mai saurin ɗaga hanci da sauke shi, kuma ba ya komawa daidai da kansa in an saki sanda. Ekspo ba shi da abin da zai yi wa wannan, domin matsalar tana nan ko hannunka ba ya kan sanda. Matsar da batir gaba da santimita ɗaya yana gyara abin da awa guda ta latse-latsen allo ba za ta gyara ba.

Na biyu ramukan da aka saƙala ƙarfen turi. Hannun sarbo yana da ramuka, ƙahon leɓe ma haka. Sarbo a ret 100 yana juyawa kusan digiri 45 kowane gefe. In ƙarfen yana ramin da ke milimita 15 daga tsakiyar sarbo, kuma yana milimita 15 daga hinji a ƙaho, leɓen ma zai juya digiri 45. Jirgin da digiri 20 yake buƙata, sai an sauke masa ret ƙasa da rabi. An samu digiri 20 ɗin, amma da tsada. Rimot mai matakai 1024 daga ƙarshe zuwa ƙarshe yanzu ƙasa da rabinsu yake amfani da su, kuma duk wani ɗan sako-sako da ke cikin giyar sarbo yana isa leɓe yadda yake. A mayar da ƙarfen ramin milimita 10 a sarbo da na milimita 20 a ƙaho, sai a samu kusan digiri 21 da cikakken ret 100. Matakan duka suna aiki, ƙarfin da ke isa leɓe ya kusan ninkawa, sako-sakon kuma ya ragu da rabi. Ƙa'idar ita ce a matso ciki a sarbo, a matsa waje a ƙaho, har sai babban ret ɗinka ya zo kusa da 100.

Wannan saiti yana da ɗan abin da yake jawowa, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi ta sa ɗan ekspo ko da a jirgin koyo. Hannun sarbo zagaye yake bi, ƙarfen turi kuma miƙe yake tafiya, don haka turin ya fi yawa a tsakiya. A misalin milimita 10 da 20, digiri goma na farko na sarbo suna juya leɓe digiri 5, amma digiri goma na ƙarshe 4 kawai suke bayarwa. Wato jirgin da allo ya nuna layinsa a miƙe, a zahiri ya fi kaifi a tsakiya. Ekspo wajen 10 yana mayar da shi miƙaƙƙe na gaskiya. Daga nan zuwa 20 ko 25 zaɓin hannu ne, kuma nan ne nake ganin ya kamata mai koyo ya tsaya.

Tsakiyar sarbo ma da hannu ake fara nemanta. Bakin sarbon Futaba haƙora 25 gare shi, na JR da Spektrum 23. Tunda adadin ba ya rabuwa biyu, hannu mai baki biyu in aka cire shi aka juya shi gaba ya koma baya, yana zama a wani kusurwa daban da rabin haƙori. Sau da yawa wannan kaɗai yana daidaita shi, sai a ƙarasa da ɗan Subtrim kaɗan, wato saitin rimot da ke matsar da tsakiyar sarbo. Subtrim mai yawa yana cinye tafiyar gefe ɗaya, ya sa jirgi ya fi juyawa hagu a kan dama.

Sai maganar gudu, wadda ita ce ainihin dalilin ret biyu. Ƙarfin da iska ke bugun leɓe da shi yana ƙaruwa ne da gudu a ninka da kansa. Jirgin da ya tashi daga kilomita 30 a awa zuwa 60, ƙarfin ya ninka huɗu. Juyin da ya isa a cikakken gudu zai iya kasa ɗaga hanci lokacin sauka. Shi ya sa al'adar kunna ƙaramin ret don sauka ba ta dace da kowane jirgi ba. A jirgi mai gudu sosai, ƙaramin ret na gudu ne, sauka kuwa tana son leɓen wutsiya ya samu cikakken juyinsa. Wanda ke tashi da tsakar ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai ƙara da wannan: iska a digiri 40 na zafi ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 8 cikin 100, a tudun Jos kuma tsayin ƙasar ne ke rage mata kauri. Jirgi yana buƙatar ƙarin gudu kafin ya tashi, kuma a gudu ɗaya leɓɓansa sun ɗan fi sanyin amsawa. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa tana fizgar fiffike, babban ekspo yana sa gyaranka ya riƙa zuwa a makare. Ƙura kuma tana cin ma'aunin sanda irin na murɗawa, har lambar tsakiya ta riƙa rawa a allo ba wanda ya taɓa ta. Ekspo yana iya ɓoye wannan na ɗan lokaci, amma gyaransa tsaftacewa ne ko canji.

Totur, wato abin da ke sarrafa ƙarfin inji, labarinsa daban ne. A jirgi mai fiffike sandarsa ba ta da sifirin da ke mayar da ita tsakiya, kuma tsakiyarta ba wurin hutawa ba ne, don haka ekspo irin na leɓe ba shi da ma'ana a nan. Abin da ake amfani da shi lanƙwasa ce mai ɗigo-ɗigo, yawanci biyar, ko da yake EdgeTX yana yarda har 17. Kowane ɗigo kai ke faɗin abin da zai fita. Injin mai ne ya fi buƙatarta. Kafireta tana sakin mafi yawan ƙarfin inji tun kafin bakinta ya buɗe rabi, sai ka ga rabin sanda na ƙasa ya ɗauki kusan komai, na sama kuma ƙara kawai yake ƙarawa. A nan sai a sauke ɗigon tsakiya, misali maimakon 0, 25, 50, 75, 100 a gwada 0, 15, 35, 65, 100, har sai rabin sanda ya ba da abin da hannu ke ji a matsayin rabin ƙarfi. A motar lantarki abin yakan juya. Turin farfela yana ƙaruwa da saurin juyinta a ninka da kansa, don haka ƙasan sanda yakan yi sanyi, sama ya yi zafi, wasu kuma sukan ɗan ɗaga ɗigon ƙasa. Ɗigon farko dai ba a taɓa shi, domin na'urar ESC da ke sarrafa motar ba za ta yarda ta kunna ba sai ta ga totur a ƙasa ƙwarai. Kuma duk wannan aiki ana yin sa ne bayan an cire farfela. Lamba ɗaya da aka shigar ba daidai ba tana iya tayar da mota a cikakken gudu a kan tebur, farfela kuwa ba ta san yatsa ba.

A jirgi mai saukar ungulu lanƙwasa ba zaɓi ba ce, da ita ake tuƙin. Sanda ɗaya ce ke riƙe da abu biyu, ƙarfin inji da kusurwar manyan fukafukai masu juyawa, kuma kowanne da lanƙwasarsa. A yanayin tashi na yau da kullum, kusurwar tana farawa daga wajen digiri −2 zuwa −4 a ƙasan sanda, ta kai wajen +10 a sama, totur kuma yana hawa daga sifili. A yanayin da allo ke kira Idle Up, wanda ake wasa da shi har a kife jirgi, kusurwar tana tafiya daga wajen −10 ko −12, ta bi ta sifili a tsakiya, zuwa +10 ko +12. A nan ƙasan sanda ma aiki ne mai nauyi, don haka totur ba ya sauka sifili. A injin mai ana yi masa siffar V, sama a ƙarshen biyu, ɗan ƙasa a tsakiya. A na lantarki mai na'urar riƙe gudu, layi ne a kwance. Abin da masu hankali ke kiyayewa shi ne rabin sama na lanƙwasar kusurwa ya zama iri ɗaya a duk yanayin, domin a sama ake sauya makunni jirgi yana tsaye a iska. In lambobin sun bambanta, da an taɓa makunnin sai ya yi tsalle ko ya nitse. Akwai kuma Throttle Hold, makunnin da ke kashe ƙarfin inji ya bar kusurwa a hannunka, wanda yatsa ya kamata ya san wurinsa ko ido a rufe.

Jiragen tsere masu farfela huɗu sun juya lamarin gaba ɗaya, kuma wanda ya zo daga jirgi mai fiffike yakan yi kuskure a nan. Ba su da leɓe ko sarbo. Sanda tana gaya wa kwamfutar jirgi saurin juyawar da ake so ne, digiri nawa a daƙiƙa, lanƙwasar kuma a cikin kwamfutar take. A manhajar Betaflight, tsarin da ake kira Actual ya raba abin gida uku a fili: lamba ɗaya ta kaifin tsakiya, wata ta iyakar gudun juyi, ta uku kuma tana tsara yadda za a haura daga wannan zuwa wancan. Tun daga fitowa ta 4.3 saitin da take zuwa da shi shi ne 70 a tsakiya da 670 a ƙarshe. A nan rimot ana barin sa a miƙe ne, ret 100, ekspo sifili, kowace tasha tana tafiya daga 1000 zuwa 2000. In aka sa ekspo a rimot kuma ga wani a kwamfutar jirgi, lanƙwasa biyu ne ke hawa kan juna, tsakiya ta mutu, ƙarshe ya haukace, lambobin da ke allon kwamfuta kuma su daina nuna gaskiyar abin da jirgi ke samu.

Ranar gwaji, a fara da juyin da takardar jirgi ta bayar, a auna shi da rula a bakin leɓe, ba da ido ba. A ɗora ret biyu a kan makunnin da yatsa ke kaiwa ba sai an duba ba, a hau sama sosai kafin a sauya. Tambaya biyu ake yi wa jirgin, kuma kowacce da lambar da take taɓawa. Ta farko, a kai sanda har ƙarshe: in mirginawar ta fi ƙarfin idonka, ret ya yi yawa, in jirgi ya kasa kammala juyin da kake so, ya yi kaɗan. Wannan ake fara gyarawa. Ta biyu, a miƙe hanya ana 'yan gyare-gyare: in jirgi yana zillo da ɗan taɓi, a ƙara ekspo, in sai ka tura da nisa kafin ya amsa, a rage. Kowane canji kada ya wuce maki biyar, a leɓe ɗaya, a tashi ɗaya, kuma a ƙasa ake yin sa bayan an sauka. Leɓen wutsiya na kwance shi ne na ƙarshe da za a yanke wa hukunci, sai an rage gudu a can sama kamar za a sauka, an ja sandar a hankali, an ga a ina cikin tafiyarta hanci yake fara amsawa.